An gama gwajin tiyatar ƙashin baya, ina sakamakon ya shiga?

Wani ƙaramin likita da ke koyon aikin ƙashi ya aiko mini da wannan tambaya: "Yallaɓai, an ba ni jawabi a kan aikin haɗe ƙasusuwan baya, sai na shiga ClinicalTrials.gov don in ga gwaje-gwajen da aka yi. Na tarar da yawa an rubuta an kammala su, wasu tun shekara biyar ko fiye, amma wurin sakamako fayau, babu komai. Ba doka ce ta tilasta a saka ba? In doka ce, su wa ke karya ta? Kuma yaya zan yarda da abin da nake karantawa a mujallu?"

Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Sai dai waɗannan shafukan da ka gani fayau ba duka hali ɗaya suke ba. Akwai waɗanda masu su suka take doka ƙiri-ƙiri. Akwai waɗanda doka ce da kanta ta ɗaga musu ƙafa. Akwai kuma waɗanda tun asali dokar ba ta san da zamansu ba, kuma a fagenmu na fiɗa waɗannan ne suka fi hana ni barci.

Rumbun da ka shiga na gwamnatin Amurka ne. Ɗakin karatun likitanci na ƙasar, wanda ke ƙarƙashin NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin ƙasar, shi ya buɗe shi a watan Fabrairun 2000. Da farko wurin rajista ne kawai, kuma mutane ba su ɗauke shi da muhimmanci ba sai da editocin manyan mujallun likitanci suka haɗa baki a 2004 suka ce daga 2005 ba za su ƙara buga gwajin da ba a yi wa rajista ba. Nan da nan aka yi ta tururuwa. A 2007 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira FDAAA, kuma sashe na 801 nata shi ne tushen maganarmu. Ya ce a yi wa gwaji rajista cikin kwana 21 da ɗaukar majinyaci na farko, a kuma saka sakamako cikin wata 12 da kammalawa. An buɗe ɓangaren sakamako a Satumban 2008. Cikakkun ƙa'idojin aiwatarwa kuwa sai a Satumban 2016 aka fitar da su, suka fara aiki ranar 18 ga Janairun 2017. Wanda aka gargaɗe shi ya ƙi gyarawa cikin kwana 30 ana iya cin sa tarar da ta kai dala 10,000 a kowace rana, adadin da ake ƙarawa gwargwadon hauhawar farashi, kuma in kuɗin gwamnati yake aiki da su ana iya toshe masa famfo.

Abin da ake nema a saka ba maƙala ba ce, jadawali ne zalla. Mutum nawa suka shiga kowane rukuni, nawa suka kai ƙarshe, nawa suka ɓace a hanya da dalilin ɓacewarsu. Shekarunsu da jinsinsu da halin da suke ciki kafin a taɓa su. Alƙaluman kowane ma'auni da aka yi alkawarin aunawa tun farko. Sannan jadawalin illa: waɗanda suka rasu ko mene ne sanadi, munanan illoli duka, da sauran illolin da suka sami fiye da kashi 5 cikin 100 na kowane rukuni. Tun 2017 har da takardar tsarin gwajin da tsarin lissafinsa ake haɗawa. Babu wurin yabon kai, babu wurin "a ra'ayinmu". Wannan ƙeƙasasshen jadawali shi ne darajar abin, domin a cikinsa ba ka da inda za ka ɓoye majinyacin da sukurun bayansa ya kwance aka sake buɗe shi.

Ka lura da inda agogo ke fara tafiya. Wata 12 ɗin nan ana ƙirga su ne daga ranar da aka auna majinyaci na ƙarshe a kan babban abin da gwajin ya tashi aunawa. A aikin baya, musamman na haɗe ƙashi da na faifan roba ko na ƙarfe da ake sawa a madadin guringuntsin da ya lalace, yawanci sai an bi majinyaci wata 24 kafin a yanke hukunci ko ƙashi ya haɗe, ko majinyaci ya sami sauƙi a ma'aunin Oswestry, wato jerin tambayoyin da ke auna yadda ciwon baya ke hana mutum harkokinsa. To ka lissafa: shekara uku ana tara majinyata, shekara biyu ana bin na ƙarshe, shekara ɗaya ta doka. Idan na'urar ba ta sami amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba tukuna, kamfani na iya miƙa takardar shaida a ƙara masa har shekara biyu. Shekara takwas ke nan, kuma bai karya komai ba. Har ila yau, gwajin na'urar da ba a amince da ita ba ana yi masa rajista amma ba a buɗe wa jama'a bayanansa sai in kamfanin ya yarda, ko kuma bayan an amince da na'urar. Za ka ga lamba kawai da ɗan rubutun da ke cewa gwajin wata na'ura ce da ba a amince da ita ba. Don haka kafin ka ɗora wa wani laifi, duba ranar.

Babban giɓin kuwa ga shi. Dokar ta shafi abin da FDA ke sa wa ido ne kawai: magani, da kayan halitta irin su alluran rigakafi, da na'urori. Salon aikin hannun likita ba ya cikin hurumin FDA. Idan na tara majinyata masu matsewar hanyar jijiya na raba su biyu, wasu na sassaƙe ƙashin ta babbar tsaga, wasu ta ƙarama, ko na kwatanta yin aiki yau da jinkirta shi zuwa mako shida, babu wata na'ura da nake gwadawa, saboda haka dokar 2007 ba ta hau kaina ba. Sai fa in NIH ce ta ba ni kuɗi, domin tun 2017 tana da ƙa'idarta ta daban da ta haɗa duk gwajin da ta ɗauki nauyi. Haka nan ƙananan gwaje-gwajen farko na na'ura ba sa ciki. Gwajin da aka yi a Sin ko Masar ko Jamus, ba da reshe a Amurka ba, ba da izinin FDA ba, ba kuma da kayan da aka ƙera a Amurka aka fitar ba, shi ma ba ya ciki, ko da an yi masa rajista a rumbun. Mutane daga ko'ina suna rajista a can don mujalla ta karɓi maƙalarsu, ba don doka ta kama su ba. Sannan ga wani abu da ƙananan likitoci ba su cika sani ba: yawancin sukurori da sanduna da keji (ɗan akwatin da ake cusawa tsakanin ƙasusuwan baya biyu) da muke sawa a baya ta hanyar da ake kira 510(k) suka shiga kasuwar Amurka, inda ake nuna cewa sabon abu ya yi kama da wanda ke kasuwa tun da. Galibi ba a neman gwaji a jikin mutane. Wanda ba a gwada ba, ina za a sami sakamakonsa?

To waɗanda dokar ta kama fa, suna bi? A 2015 Monique Anderson da abokan aikinta na jami'ar Duke suka buga bincike a New England Journal of Medicine a kan gwaje-gwaje 13,327 da suka ƙare tsakanin 2008 da 2012. Kashi 13.4 cikin 100 ne kacal suka saka sakamako cikin shekara guda, kuma har zuwa Satumban 2013 kashi 38.3 ne suka saka. An ce ai ƙa'idojin ba su fito fili ba a lokacin. Bayan sun fito, Nicholas DeVito da Seb Bacon da Ben Goldacre na Oxford suka sake dubawa, suka buga a mujallar Lancet a Janairun 2020. Cikin gwaje-gwaje 4,209 da wa'adinsu ya cika, kashi 40.9 suka saka a kan lokaci, kashi 63.8 suka saka ko da a makare. Waɗannan alƙaluman na dukkan fannoni ne. A namu fannin, Donna Ohnmeiss ta bi sawun gwaje-gwajen baya da aka yi wa rajista aka kammala, ta buga a The Spine Journal a 2015, kuma waɗanda ta tarar an buga a mujalla ba su kai rabi ba.

Duk wannan, sai a Afrilun 2021 FDA ta fitar da takardar gargaɗi ta farko a hukumance, ga kamfanin Acceleron Pharma, kusan shekara 14 bayan kafa dokar. Kafin nan ma sai da wani malamin aikin jarida, Charles Seife, da likita Peter Lurie suka kai gwamnati kotu, alƙali a New York ya yanke hukunci a Fabrairun 2020 cewa gwaje-gwajen da suka ƙare tsakanin 2007 da 2017 na kayan da aka amince da su daga baya dole ne su ma a saka sakamakonsu. Dokar da makiyayinta ya rataye sanda, ba abin mamaki ba ne garke ya shiga gona.

Yanzu bari in tsaya a kan labarin da ya sa duk likitan baya da ya kai shekaruna ba ya wasa da wannan magana.

A da, in za mu haɗe ƙasusuwan baya biyu, sai mu ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyacin kansa mu dasa. Yana aiki, amma tsaga ce ta biyu, kuma wasu suna daɗewa suna kukan ciwon wurin. A Yulin 2002 FDA ta amince da Infuse na kamfanin Medtronic, wani sinadarin furotin da ake kira rhBMP-2, wanda ake jiƙa soso da shi a sa cikin keji, ya sa jiki ya tsiro da sabon ƙashi. An amince da shi ne ga aiki guda ƙwaya ɗaya: gaɓa ɗaya a ƙasan baya, a shiga ta ciki daga gaba, da wani keji na musamman. Maƙaloli suka yi ta fitowa suna cewa ya kai ƙashin ƙugu ko ya fi, kuma ba shi da illa. Likitoci suka rungume shi, suka kai shi wuya, suka kai shi baya ta bayan jiki, har ya zama mafi yawan amfanin da ake da shi a wuraren da ba a amince ba ne. A Yulin 2008 FDA ta fitar da gargaɗi bayan rahotanni 38 na kumburin wuya da maƙogwaro, wasu har numfashi da haɗiya suka gagara, sai da aka sa musu bututu.

A Yunin 2011 Eugene Carragee na jami'ar Stanford, wanda shi ne babban editan The Spine Journal a lokacin, ya sadaukar da fitowa guda sukutum ga wannan batu. Shi da abokan aikinsa suka ɗauko maƙaloli 13 na farko da kamfani ya ɗauki nauyinsu, majinyata 780 da aka sa wa sinadarin. Illar da marubutan suka danganta da shi a cikin duka 13 ɗin: babu ko ɗaya. Da suka kwatanta da takardun da aka miƙa wa FDA da binciken da ya biyo baya, sai ga zaizayar ƙashi, da nutsewar keji, da ƙashi yana tsirowa inda jijiya ke bi, da ciwon ƙafa, da matsalar fitsari. Suka kiyasta cewa haɗarin ya ninka abin da aka faɗa da farko sau 10 zuwa 50. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ta shafi maza: maniyyi ya riƙa komawa mafitsara maimakon ya fito. A nasa majinyatan Carragee ya ga haka a mutum 5 cikin 69 da aka sa wa sinadarin, da mutum 1 cikin 174 da ba a sa wa ba. Ka ɗauki saurayi ɗan shekara 30 da bai daɗe da aure ba, ya kwanta a yi masa maganin ciwon baya. Ko da haɗarin bai tabbata ɗari bisa ɗari ba, ai haƙƙinsa ne a gaya masa kafin ya sa hannu. Likitansa kuma ba zai iya gaya masa abin da ba a rubuta ba.

A Oktoban 2012 kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka ya ba da rahoto cewa kamfanin ya biya likitocin da suka rubuta waɗannan maƙaloli kimanin dala miliyan 210 tsakanin 1996 da 2010, na shawara da na ladan ƙirƙira da sauransu, kuma ma'aikatansa sun sa hannu wajen tsara rubutun. Kamfanin ya musanta cewa ya karkatar da sakamako. Adalci kuma ya sa in faɗi abin da ya yi daidai: a 2011 ya ba jami'ar Yale dala miliyan 2.5 tare da bayanan kowane majinyaci, ƙarƙashin shirin YODA na Harlan Krumholz, aka miƙa wa tawaga biyu da ba su haɗa kai ba, ɗaya a York ta Ingila, ɗaya a Oregon. Suka buga a Annals of Internal Medicine a Yunin 2013. 'Yan York suka ga ƙashi ya ɗan fi haɗewa da sinadarin, amma bambancin sauƙin ciwo kaɗan ne. 'Yan Oregon suka ce ba su ga fifikon da ya tabbata a kan ƙashin ƙugu ba, kuma maƙalolin farko sun zaɓi abin da za su faɗa, sun rage illa. Batun maza da batun ko sinadarin yana jawo ciwon daji kuwa, majinyatan ba su kai yawan da za a yanke hukunci ba. Da 'yan York suka jera abin da ke cikin kundin kamfani da abin da aka buga, sai suka ga illolin da suka fito a mujallu ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka rubuta ba.

Ka ga ke nan waɗannan gwaje-gwajen an buga su, a manyan mujallu ma. Ba a ɓoye gwaji ba, an ɓoye ɓangarensa ne. Yawancinsu an yi su kafin dokar 2007, kuma jadawalin illa da na ambata an yi shi ne daidai don toshe irin wannan ƙofa. Shi ya sa nake jin zafi in na ji wani ya ce, "Ai mun buga a mujalla, mene ne na wahalar cika rumbu?" Maƙala labarin marubuci ce. Jadawali kuwa lissafin majinyata ne.

Amma kada ka tashi daga nan da tunanin cewa kamfanoni ne kaɗai masu laifi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A binciken 2020 ɗin nan, kamfanoni sun saka a kan lokaci a kusan rabin gwaje-gwajensu, jami'o'i da asibitoci kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. A Turai abin ya fi muni: binciken da aka buga a mujallar BMJ a 2018 ya sami kashi 68 ga 'yan kasuwa, kashi 11 ga waɗanda ba 'yan kasuwa ba. Kamfani yana da ofishi da lauyoyi da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Mu kuwa fa? Ƙaramin likitan da ke riƙe da fayil ya gama horo ya tafi. Kuɗin tallafi ya ƙare kafin a gama bin majinyata. An yi niyyar tara mutum 200 an sami 40, sai aka ji kunya aka yi shiru, alhali gwajin da aka tsayar a tsakiya shi ma wajibi ne a faɗi abin da aka samu. Ko kuwa sakamako ya fito ya nuna salon da babban likita ya yi shekara ashirin yana koyarwa bai fi ɗayan ba, sai kowa ya kau da kai. Ba mugunta ce ke jawo yawancin wannan ba, sakaci ne da gajiya da kara. Amma ga majinyacin da za a yanka gobe, duk ɗaya ne.

Gwajin fiɗa yana da wuya, wannan gaskiya ne. A gwajin SPORT na Amurka da aka buga a mujallar JAMA a 2006, an raba mutum 501 masu zamewar guringuntsi ta hanyar ƙuri'a. Cikin wata uku, rabin waɗanda aka ware wa tiyata ne kawai aka yi wa, kuma kashi 30 na waɗanda aka ware wa magani sun koma an yi musu tiyata. Lissafi ya dagule. Duk da haka James Weinstein da tawagarsa suka faɗi abin yadda yake, kuma har yau muna cin moriyarsa. A 2009 gwaji biyu suka fito a New England Journal of Medicine, na Rachelle Buchbinder a Ostareliya da na David Kallmes, suka kwatanta ɗura siminti a ƙashin bayan da ya burma da aikin kwaikwayo, inda ake yi kamar an ɗura alhali ba a ɗura ba, ba su ga bambancin kirki ba. A 2016 gwajin VAPOUR ya ga amfani ga sabuwar karaya mai tsananin ciwo. A wannan shekarar dai, gwajin Suwidin mai mutum 247 ya ce ƙara haɗe ƙashi a kan sassaƙe matsewa bai ƙara komai ba, ƙaramin gwajin Amurka mai mutum 66 ya ce ya ɗan ƙara. Dubi ƙanƙantar lambobin. A fagen da gwaji mai mutum 66 ke iya juya ra'ayin likitoci, gwaji biyu ko uku da suka kwanta a aljihun tebur sun isa su karkatar da ma'auni gaba ɗaya, kuma sanin kowa ne waɗanda ke kwanciya su ne waɗanda suka ce sabon abu bai yi ba.

Wannan ba maganar Turawa ba ce kawai. Ƙarafan da ake sawa a asibitin ƙashi na Dala da sauran asibitocinmu daga waje suke zuwa, hujjar amfani da su ma daga waje take. Sau nawa magidanci ya zauna a gabana, ya zaro babbar ambulan daga ƙarƙashin riga, hoton MRI a naɗe, da wasiƙa daga wani asibiti a Indiya ko Masar mai ɗauke da sunan wata na'ura da kuɗinta da dala. Ya riga ya sa fili a kasuwa. Ya dube ni ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, wannan abin yana aiki?" In amsa masa da me? Da abin da aka buga. In rabin gaskiya aka buga, da rabin gaskiya zan sa ya sayar da gadon 'ya'yansa, ni kuma ban ma san na yi ba.

In kana son ganin yadda ake aikin nan da kyau, ka nemi rahotannin kwamitin binciken likitanci na Birtaniya a kan tarin fuka na ƙashin baya, ciwon da har yau yake kawo mana yara da doro da shanyewar ƙafa. Sun yi gwaje-gwaje a Koriya da Bulawayo da Hong Kong da Afirka ta Kudu da Madras. Rahoton farko ya fito a 1973, suka yi ta bin majinyatan suna faɗin abin da suka gani, har rahoton shekara 15 a 1998. Daga nan duniya ta san cewa da yawa magani kaɗai ya ishe su suna yawo da ƙafarsu, ta kuma san abin da aikin Hong Kong, wato tiyatar kwashe ruɓaɓɓen ƙashi a dasa wani, ke ƙarawa wajen saurin haɗewar ƙashi da rage lanƙwasa. Babu rumbu a lokacin, babu tara. Sun dai ɗauki abin a matsayin amana.

Amana ce kuwa. Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin ɗa'ar bincike a kan mutane na ƙungiyar likitoci ta duniya, ta ce a yi rajista kafin a ɗauki mutum na farko, kuma a bayyana sakamako mai daɗi da marar daɗi da wanda bai nuna komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta sa wa'adin wata 12 ga rumbu da wata 24 ga mujalla, ba tare da bambanta magani da na'ura da aikin hannu ba. Ka tuna tsohuwar da ka karanta wa takardar yarda da Hausa, ta dangwala yatsa. Ka gaya mata ba lallai ita ta amfana ba, amma na baya za su amfana. A kan wannan ta yarda ƙuri'a ta zaɓa mata irin yankan da za a yi mata. In sakamakon bai fito ba, an yi mata ƙarya, ko da ba da niyya ba.

Game da jawabinka, ga abin da nake yi. Duk maƙalar gwajin da na ɗauka, lambar rajistarta nake fara nema, NCT da lambobi takwas. In buɗe shafin in shiga tarihin gyare-gyare, domin rumbun yana ajiye kowane canji da ranarsa. In duba ko an yi rajista kafin a fara ɗaukar majinyata ko sai bayan an gama. In kwatanta babban ma'aunin da aka rubuta ranar farko da wanda aka sa a kan gaba a maƙala. In an yi alkawarin ma'aunin Oswestry a wata 24, sai ga maƙala tana murna da hoton ƙashi a wata 6, to an sauya doki a tsakiyar sukuwa. Wannan ba abu ne mai wuyar samu ba: tawagar COMPare ta Oxford ta duba gwaje-gwaje 67 a manyan mujallu biyar, 9 ne kawai suka faɗi duk abin da suka yi alkawari ba ragi ba ƙari. Sannan in jera jadawalin illa na rumbu da na maƙala, in fi mai da hankali ga yawan waɗanda aka sake yi wa aiki. Waɗanda aka kammala babu sakamako kuma, kada ka share su daga jawabinka. Ka ƙirga su, ka haɗa yawan majinyatan da ke ciki, ka sa a allo kusa da waɗanda aka buga, ka bar manyanka su gani da idonsu. Ka rubuta wa mai gwajin wasiƙa. Wasu suna amsawa, har su turo kundi.

Sai naka aikin. Nan da shekara biyu za ka fara kundin kammala horo, kuma wataƙila gwaji ne za ka yi. Bayan izinin kwamitin ɗa'a na asibitinku, da na NAFDAC in akwai magani ko na'ura a ciki, ka yi rajista a PACTR, rumbun gwaje-gwaje na Afirka da ke Cape Town, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2009, kuma kyauta ne. Ka yi kafin majinyaci na farko. In na'urar da za ka gwada a Amurka aka ƙera ta aka fitar, ka bincika da kyau, domin dokar can tana iya hawa kanka kana zaune a Kano. Ka sa sunan babban likitan da ba zai bar asibitin ba a matsayin na biyu a kan rajistar, ka ba shi mabuɗin shiga. Ka buɗe littafin illa tun ranar farko, ka rubuta har da ƙurjin da ya fito a bakin ɗinki. Ranar da ka auna majinyacinka na ƙarshe, ka ƙirga wata 12 ka rubuta ranar a bangon fayil da jan biro, ka turo mini ita ni ma in rubuta a nawa.